Teku Na Tasowa: Ina Ruwan Kano?

Birnin Kano a kan tudu yake. Awon masu safiyo ya nuna cewa ya ɗara fuskar teku da kimanin mita 480, sa'an nan tsakaninsa da gaɓar teku akwai tafiyar kilomita wajen dubu ɗaya a mota. Ko da a ce dukkan ƙanƙarar da ke doron ƙasa za ta narke ta kwarara cikin teku, masana sun ƙiyasta cewa tashin ruwan ba zai wuce mita 70 ba, watau ko gindin Dala ba zai jiƙa ba. Saboda haka idan Bakano ya ji ana maganar tasowar ruwan teku a rediyo ya ce ina ruwansa, ba za a ce ya yi wauta ba.

Amma mai karatu ya daure ya tsaya a ƙofar wata masana'anta a Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, ya dubi manyan motocin da ke shiga da fita. Kwantenar da ake saukewa, makonni kaɗan da suka wuce a kan ruwa take. Buhunan fatar da ake lodawa, bakin ruwa za su. Direban motar da yaransa, da ɗan dakon da ya ɗaure kayan a can ƙarshen hanya, mafi yawansu 'ya'yan wannan yanki ne da neman abinci ya kai su Kudu. Ruwan gishiri ba zai taɓa iso Kano ba, amma hasarar da zai jawo tana da hanyoyi biyu na isowa, ta kaya da kuma ta mutane. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, a can bakin teku da nan gida, mutum iri ɗaya ne yake fara biyan kuɗin.

Abin da ke kumbura teku

A rahotonsa na shida wanda ya fito a 2021, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan sauyin yanayi, wanda aka fi sani da IPCC, ya bayyana cewa daga 1901 zuwa 2018 ruwan tekunan duniya ya tashi da kimanin santimita 20, watau kusan taƙi guda. Abin lura a nan shi ne saurin tashin. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 yake ƙaruwa a shekara. Daga nan zuwa 2006 ya koma milimita 1.9. Tsakanin 2006 da 2018 kuwa ya kai milimita 3.7, kusan ninki uku ke nan na farkon ƙarnin.

Tushen al'amarin zafi ne. Ƙona kwal da man fetur da gas ya ƙara yawan iskar kabon a sararin samaniya daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da kashi 420 a yau, ita kuwa wannan iska tana tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na wannan rarar zafi teku ne yake shanye shi. Ruwa kuwa idan ya ɗumama buɗewa yake yi. Duk direban da ya taɓa cika lagireto maƙil da sanyin safiya, ya ga yadda yake amayar da ruwa bayan inji ya yi zafi, ya riga ya san wannan ka'ida. Wannan buɗewa kaɗai ita ce ta haddasa rabin tashin da aka samu daga 1971 zuwa 2018.

Sauran rabin, galibinsa daga narkewar ƙanƙara ne, amma ba kowace ƙanƙara ba. Idan aka jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ta narke a ciki, kofin ba ya tumbatsa, domin tun tana daskare ta riga ta ci wurinta. Haka ƙanƙarar da ke yawo a kan teku take. Wadda ke ƙara ruwa ita ce ta kan tudu: ta kan manyan duwatsu, da shimfiɗaɗɗiyar nan ta tsibirin Girinlan, wadda ita kaɗai ta isa ta ɗaga teku da mita 7, da kuma ta Antatika mai ɗauke da abin da ya kai mita 58. Har ila yau akwai ɗan kaso da ke fitowa daga ruwan da mutane ke zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙarshensa teku yake komawa.

A da, da ma'aunan da aka kafa a tashoshin jiragen ruwa ake wannan awo. Daga 1992, lokacin da Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna TOPEX/Poseidon, sai aka koma auna dukkan tekuna daga sama, kuma tun daga 1993 wannan awo ya nuna ƙarin kimanin santimita 10. Game da gaba, kwamitin ya ce idan duniya ta rage hayaƙi ƙwarai, tashin zai tsaya tsakanin santimita 28 da 55 nan da shekarar 2100. Idan kuwa hayaƙin ya ci gaba da hauhawa, zai kai tsakanin santimita 63 da mita ɗaya da 'yan kai. Babu lissafin da ya nuna tsayawarsa cik. Tukunyar ƙasa ba ta hucewa da zarar an janye itace, teku kuwa zai ɗauki ɗaruruwan shekaru yana buɗewa bayan an kashe wutar.

Taƙi guda a ƙasa mai shimfiɗe

Mai karatu zai iya cewa, taƙi guda a shekara ɗari, shi ne abin tayar da hankali? A Dutsen Dala ba kome ba ne. A Legas kuwa magana ce babba, domin birnin an gina shi ne a kan tsibirai da tuddan yashi da fadamu, tsakanin teku da babban tafkin da ke haɗe da shi. Unguwanni irin su Victoria Island da Lekki da Apapa 'yan mitoci kaɗan suka ɗara ruwa.

Ga yadda abin yake aiki. Magudanar ruwa ba ta da inji. Gangara take bi. Ruwan saman da ya sauka a Legas sai ya gangara cikin tafki, tafki kuma ya zubar a teku. Sau biyu a kowace rana teku yakan cika ya janye. Idan mamakon ruwan sama ya dace da lokacin cikar teku, bakin magudana yana nutse, ruwa ba shi da inda za shi, sai ya koma baya ya ɓullo a tsakar gida tare da duk abin da ke cikin kwata. Kowace santimita da teku ya ƙara tana tsawaita sa'o'in da bakin magudanar yake a toshe. Don haka ne rahoton na 2021 ya ce, a fiye da rabin wuraren da ake awo a duniya, irin cikar da a da sai an shekara ɗari ake ganinta za ta koma ta kowace shekara kafin ƙarshen wannan ƙarni. Bugu da ƙari, ruwan gishiri yana kutsawa cikin rijiyoyi, yana kuma cin ƙarfen da ke cikin harsashin gini.

Ba duka laifin ne na ɗumamar yanayi ba, kuma a nan tarihin Kano ya fara shigowa. Raƙuman ruwa a gaɓar Afirka ta Yamma suna tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar Legas don kada yashi ya toshe ta, manyan jiragen ruwa su sami shiga, waɗanda ba da jimawa ba suka shiga jidar gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Hausa. Katangun suka tare yashin a yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya cinye fiye da kilomita ɗaya na ƙasa, har raƙuman ruwa suka riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Irin wannan ta faru a gabashin tashoshin Kwatano da Lome bayan an gina su a shekarun 1960.

Sai kuma lotsawar ƙasa. Inda aka cike fadama da yashi aka ɗora mata benaye, kowane gida kuma ya haƙa rijiyar burtsatse yana zuƙe ruwan da ke riƙe da ƙasar, to ƙasar takan sauka a hankali. A wasu sassan Jakarta ta Indunusiya saukar ta kai santimita 20 a shekara guda, wanda yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin ƙasar ta ba da sanarwa a 2019 cewa za ta ƙaurar da babban birninta. Ga mai gida, ruwa ya hau ko ƙasa ta sauka, duk ɗaya ne.

Tun a 1995 wani bincike da masanan Cibiyar Nazarin Teku ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1975, suka gudanar tare da abokan aikinsu na Amurka ya ƙiyasta cewa tashin mita ɗaya zai iya cin ƙasar Nijeriya da ta kai murabba'in kilomita 18,000, mafi yawanta a yankin Neja Delta. Faɗin Jihar Kano gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 20,000 da kaɗan ba. Duk da haka jama'a bakin ruwan suke tuɗaɗa. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Legas mutum miliyan 5.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.1, kuma tun daga lokacin gine-gine suka mamaye zirin Lekki, wanda tudun yashi ne da fadama tsakanin teku da tafki.

Igiyar da ta ɗaure Bompai da Apapa

Kafin zuwan Turawa, Kano arewa take fuskanta. Hanyoyin kasuwancinta na nesa ta Sahara suke bi zuwa Gadamas da Tarabulus. Jirgin ƙasa ne ya juya mata fuska. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar Legas a 1912, daga nan dalar gyaɗa ta tashi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Rukunin masana'antu na Bompai, wanda ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa a yau, shi ne na fari, tun ƙarshen zamanin mulkin mallaka. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a shekarun arzikin man fetur. An zana su duka bisa zaton cewa hanyar teku a buɗe take kullum.

Har yanzu a kan wannan zato suke. Kamfanonin jima suna sayen fata a kasuwannin Arewa da na maƙwabta, amma gishirin kuromiyam da sauran magungunan jima galibi daga ƙetare suke zuwa, fatar da aka jeme kuma Italiya da Sifen da Sin take nufa. Masu yin bokiti da takalmin roba da leda suna jiran ƙwayar roba daga bakin ruwa. Injuna da kayan gyaransu, da alkamar fulawa, duk ta Apapa ko Tin Can ko Onne suke shigowa. Riɗi da zoɓo da citta ta nan suke fita. Tashar tudu ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 ta sauƙaƙa aikin kwastan, amma reshe ce. Uwar tana bakin teku. Haka 'yan kasuwar Maraɗi suka daɗe suna dogara da tashar Kwatano.

Makamashi ma haka. Mafi yawan wutar lantarkin Nijeriya da gas ake samar da ita, gas ɗin kuma daga fadamun Neja Delta yake fitowa. Babbar tashar Egbin a bakin tafkin Legas take. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 kuma masu masana'antun Kano suka ɗora wa buri, tushensa can ne. Matatar mai ta Aliko Ɗangote, ɗan Kano, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, a kan fadamar da aka cike da yashi take a Ibeju-Lekki, kusa da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki.

Ba sai an yi hasashe ba a kan abin da ke faruwa idan igiyar ta tsinke, domin an sha gani. A shekarun 2017 zuwa 2019, da hanyoyin Apapa suka lalace, motoci sun riƙa yin makonni a layi kafin su ɗauki kaya, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo. A Oktoban 2022 kogin Kwara ya shafe hanyar Lokoja a wajen Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale kwanaki, layin mai ya dawo Abuja da biranen Arewa. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa, wadda ta kashe fiye da mutum 150, da yawansu a Unguwar Hausawa, ta katse ɗaya babbar hanyar. Waɗannan ruwan sama ne da na kogi, amma sun nuna inda rauni yake. Babban kamfani yana da kayan ajiya na watanni, yana da inshora, yana da bankin da zai jira shi. Lebura mai aikin yini, wanda ake biya idan inji ya juya, shi ake cewa ya koma gida sai an neme shi. Daga nan mai abincin da ke ƙofar masana'anta ta rasa ciniki, mai ɗakin haya a Dakata ya rasa kuɗin wata.

Wa ke kwana a kwari?

Masu nazarin bala'o'i sun ce haɗari kamar murhu yake, a kan duwatsu uku yake zaune: aukuwar abin, da kasancewar mutum a kan hanyarsa, da kuma rashin abin da zai kare kansa ko ya farfaɗo da shi. Injiniyoyi sun fi son na farko, domin shi ake iya aunawa da santimita. A ganina na ukun ne ya fi yanke hukunci a kan wanda zai mutu da wanda zai tsira.

Ƙasar Bangaladash ta isa hujja. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Ta 2007, wadda ita ma mai tsanani ce, ta kashe ƙasa da 4,000. Teku bai yi sauƙi ba a tsakanin waɗannan shekaru, jama'a ma ƙaruwa suka yi. Abin da ya sauya shi ne an gina dubban mafaka a kan dogayen ginshiƙai, an horar da 'yan sa-kai masu bi ƙauye-ƙauye da lasifika, an kuma san wanda ke zaune a ina. Holan, wadda kusan rubu'inta yana ƙasa da fuskar teku, ta rasa mutum 1,836 a ambaliyar 1953, ta mayar da martani da gina madatsai masu kare kowa, mai kuɗi da talaka, da kuɗin baitulmali.

A Legas kariya tana bin darajar fili ne. Daga wajen 2008 aka fara cike tekun da ya cinye Bar Beach don gina sabon birnin Eko Atlantic, aka kewaye shi da katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci, wadda ta kare Victoria Island ma. Wannan aikin injiniya ne na a yaba. Amma a dubi abin da ya sami talakawan bakin ruwa. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta rushe Maroko, inda aka ƙiyasta mutum 300,000 ke zaune, bisa hujjar cewa wurin kwari ne mai ambaliya da cuta. Bayan an kore su aka cike wurin da yashi, ya zama ɗaya daga unguwanni mafi tsada a ƙasar nan. An rushe wani sashe na Makoko a 2012. Tsakanin 2016 da 2017 aka kori kimanin mutum 30,000 daga Otodo Gbame, ko da yake Babbar Kotun Legas ta yanke hukunci a Yunin 2017 cewa irin wannan kora ba tare da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Wanda aka kora daga kwari ba tudu yake komawa ba, domin tudu ya fi ƙarfin aljihunsa. Wani kwarin yake nema, wanda ya fi na da muni. Ta haka haɗarin ambaliya ya zama makami a hannun masu neman fili.

Ina Hausawa a cikin wannan hoto? Zamansu a Legas ya daɗe. Tun 1863 Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa, Obalende ta tashi a matsayin mazaunin sojoji, cinikin goro ya kafa al'ummar Agege, ga Idi-Araba, ga Alaba Rago. Waɗanda suka kafu suna da gidaje da sarakuna da masu faɗa a ji. Masu rauni su ne 'yan ci-rani: mai gadi, da mai ruwa, da ɗan dako, da ɗan bola-jari, da mai shayi, da ɗan acaɓa. Wannan yana kwana a shago, wancan a masallaci, wani a kangon gini ko ƙarƙashin gada. Ɗakin mai gadi a bakin ƙofa yake, daidai da titi, alhali uban gida yana bene. Shi ruwa ke fara gaisarwa. Ba shi da takardar haya, balle ta mallaka. Idan aka zo rabon agaji, galibi gida-gida ake bi ana rubuta magidanta, shi kuwa ba ya cikin lissafin kowa. Jarinsa duka, baro ne ko kura ko babur, a ƙasa yake kwana.

Kasuwar Mile 12, inda tumatir da tattasai da albasar Arewa ke sauka, tana gefen fadamar kogin Ogun. A Oktoban 2010, da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, unguwannin da ke wannan fadama a kan hanyar Ikorodu sun yi makonni a cikin ruwa. Kogin Ogun a tafkin Legas yake zuba, kuma gwargwadon tashin tafkin, gwargwadon jinkirin janyewar irin wannan ambaliya. Tumatir ba ya jira. Kwandon da ya ruɓe a kan mota, hasararsa tana komawa ne ga manomin Kadawa ko Kura, wanda ya noma shi da ruwan Tiga, domin sau da yawa sai an sayar ake biyansa.

A Ankara ta Gana akwai wata unguwa a bakin tafkin Korle, mazaunin mutanen arewacin ƙasar, mai suna Old Fadama. Sunan kaɗai ya isa bayani ga mai jin Hausa. A ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe kimanin mutum 150 a birnin. Kafin watan ya ƙare, motocin rusau sun shiga Old Fadama, aka ce gidajensu ne suka toshe hanyar ruwa.

Fadamar da ke bayan gida

Kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa shi ne taki da iri da kuɗin asibiti a ƙauyuka da yawa na Kano da Jigawa da Katsina. Idan zama a bakin teku ya gagara, kuɗin ya yanke, shi kuma ya dawo. Ba lalle ne ya koma gona ba, domin ƙarancinta ne ya kore shi tun farko. Birni zai nufa, kusa da inda ake ɗaukar leburori, kuma a nan zai tarar da irin dokar da ya baro.

Ƙaramar Hukumar Nassarawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba kusan mutum 600,000, ta haɗa fuskokin biyu a wuri guda. A gefe ɗaya ga unguwar Turawa ta da, mai faffaɗan filaye da itatuwa da magudanai, wadda dokar tsara garuruwa ta 1917 ta ce a raba ta da mazaunin 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440. A ɗaya gefen ga Tudun Wada da Gwagwarwa da Gama da Tudun Murtala da Dakata, inda ma'aikata da baƙi suka cunkushe, a wurare da dama gini ya riga titi da magudana zuwa. Rafin Getsi ne yake kwashe ruwan Bompai da na unguwannin da ke kewaye da ita, ya haɗu da Jakara, su zuba a madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa. Bincike da dama na masanan Jami'ar Bayero da wasunsu ya sami kuromiyam da dalma da sauran ƙarafa masu guba a waɗannan ruwaye. Da rani da su ake ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji. Da damina, idan rafi ya cika ya fantsama, abin da ke shiga ɗakin mai gida a bakin rafi ba ruwan sama ne zalla ba.

Zafin da ke kumbura teku shi ne kuma yake ƙara wa hadarinmu nauyi. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima da kimanin kashi 7 cikin ɗari. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan guguwowin ruwa na yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dattawan Kano ba su manta da Agustan 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta fashe, gidajen ƙasa dubbai suka rushe a birni da kewaye. Maiduguri ta ga tata a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. A halin da ake ciki kuma, kududdufan da kakanni suka bari a cikin gari, waɗanda ke shanye ruwa idan ya yi yawa, ana ta cike su da shara ana yanka filaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, kuma a taron Sharm el-Sheikh na 2022 an amince a kafa asusun biyan hasarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. Hakki ne a nema. Sai dai kuɗin irin wannan asusu, in ya zo, takarda yake bi, wanda kuwa ba a rubuta sunansa ba, ba ya gani. Sarakunan Hausawa na Legas da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi sun fi kowace ma'aikata sanin wanda ke kwana a ina. Rajistar da suka riƙe, da lambar waya da garin asali, za ta iya zama hanyar gargaɗi kafin ruwa da ta agaji bayansa. Ƙungiyar masu masana'antu kuma ya kamata ta san kwana nawa kowane kamfani zai iya aiki idan Apapa ta rufe, da abin da za a yi wa ma'aikatan yini a waɗannan kwanaki.

A nan gida aikin farko ba shi da tsada. Ana bukatar taswirar tudu da kwari ta kowace unguwa, mai nuna bambancin rabin mita, tare da alamar inda ruwa ya tsaya a bango a daminar da ta wuce, da yawan mutanen da ke kwana a ƙasa da wannan alama. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa da na injiniya, da na'urar safiyo guda da wayoyin hannu, tare da masu unguwanni, za su iya bin Getsi daga bakin Bompai har mahaɗarsa da Jakara a hutu ɗaya. Lokacin yin sa Maris ne da Afrilu, sa'ad da rafin ya ja baya, kuma tabon ruwan bara yana nan a jikin katangu.